Bim a Kan Matakala: Ginin da Zanensa Ya Rabu Biyu

Aikina kula da gini ne. Mai gida ya kawo fili da kuɗi da takardun zane, ni kuma in tsaya a kan birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi har abin da ke kan takarda ya tashi a ƙasa. Ginin da zan ba da labarinsa gidan zama ne, bene hawa ɗaya, a wata sabuwar unguwa da ke yammacin Kano, a kan fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100. Mai shi ɗan kasuwa ne, mutumin kirki da ba ya riƙe haƙƙin ma'aikaci, kuma tun farko hanyar da ta dace ya bi. Ya ɗauki akitek ya zana masa gidan, ya ɗauki injiniya ya yi lissafin ƙarfe da kankare, ya kai takardun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, aka duba aka buga musu hatimi. Na fara da wannan ne don kada a zaci labarin masu gini a ɓoye ne. An bi ƙa'ida, amma duk da haka sai da muka sa guduma muka fasa daɓen da muka zuba da hannunmu.

Abin da aka miƙo mini ranar farko shi ne takardun akitek gaba ɗaya, wato tsarin ƙasa da na sama da fuskokin gidan da zanen da ke nuna tsayi, sai takardun injiniya guda biyu, na fandisho da na filoli. Na bim, wato kwantaccen kankaren da ke kan filoli yana ɗaukar nauyin dekin, da na dekin da na matakala suna cikin ƙunshin mai hatimi, Alhaji mai gidan ya kulle shi a akwati. Da na tambaya sai ya ce, "Malam, ka fara da waɗannan, in an zo dekin zan kawo maka sauran." Haka masu gida da yawa suke yi a garin nan. Suna tsoron siminti da ruwan sama su lalata takardar da suka sha wahala kafin a sa mata hannu, sai su riƙa fito da ita guntu-guntu. Bayan 'yan kwanaki kuma tafiyar kasuwanci ta taso masa.

Alamar farko ta bayyana ne ranar da za mu ja igiya. Kafin a buga ko da fegi ɗaya, al'adata ce in zauna in tara ƙananan lambobin da ke jere a gefen zane, faɗin kowane ɗaki da kaurin kowane bango, in ga ko sun yi daidai da babbar lambar da ke nuna faɗin ginin duka. Babbar lamba ta ce milimita 12,000. Ƙananan da na tara suka ba ni 12,450. Na sake tarawa daga ɗaya ɓangaren, amsa ɗaya. Bambancin 450 ne, wanda duk mai aikin gini zai gane shi nan take: kaurin bango biyu ne na bulo inci 9, kowanne 225.

Wani zai ce rabin mita bai kai abin ɗaga hankali ba. A kan fuloti ƙafa 50 ya kai. Faɗin filin milimita 15,240 ne, zanen kuma ya nuna a bar mita ɗaya da rabi ta kowane gefe tsakanin gini da iyaka. In ka cire 3,000, abin da ya rage 12,240 ne. Gini mai faɗin 12,000 zai zauna da sauran sarari, mai 12,450 kuwa sai ya ci ratar da aka ce a bari, ratar da ta cikinta iska ke shiga tagogi, bututun ruwa ke bi, ruwan indararo ke sauka ba tare da ya zuba gidan maƙwabci ba. Rigimar maƙwabta da yawa da ake kai wa mai unguwa daga irin wannan tafin hannu ɗaya take farawa.

Na kira akitek. "Barka da aiki, ranka ya daɗe. Lambobin gaban gidan nan ba su haɗu ba." Ya buɗe kwamfutarsa ya duba, ya ce in bi babbar lamba, in rage 225 a falo, 225 a ɗakin baƙi. Na roƙe shi ya rubuto, ya turo ta WhatsApp, na buga na liƙa a bayan takardar. Asarar ranar ba ta wuce rabin yini da igiyar da muka kwance muka sake ja ba. Kuskuren da aka kama tun yana kan takarda kuɗinsa ke nan.

Daga nan aiki ya tafi sumul. Aka haƙa fandisho, aka zuba gindin filoli yadda injiniya ya zana, aka ɗora bulo, aka cika ƙasa aka danne ta, aka shimfiɗa leda aka zuba daɓen kankare. Filolin duk sun faɗa cikin bango, babu wadda ta tsaya a tsakiyar ƙofa ko taga, don haka babu abin da zai sa mutum ya yi zargi. Gini ya kai linta damina na ƙaratowa.

Jadawalin rodi, takardar da ke nuna tsawon kowane rodi da yadda za a lanƙwasa shi, shi ne ya fara isowa, ta wayar Alhaji. Farashin ƙarfe na ta hawa a lokacin, don haka bai ɓata lokaci ba ya aika yaronsa Ƙofar Ruwa aka sayo rodi, aka ɗauko katako daga 'yan katako na Na'ibawa, aka sauke sandunan tokara. Masu ɗaurin rodi suka shiga yanka da lanƙwasa bisa jadawali, kamar yadda ake yi kullum. Rodi yana zuwa ne da tsawon mita 12, kuma da zarar an yanka shi an yanka ke nan. Ana cikin haka Alhaji ya dawo, ya fito da ƙunshin, aka yi mini kwafi.

Da yamma bayan an tashi na zauna a inuwar katanga da takardun. Duka a ma'auni ɗaya aka zana su, don haka na ɗora ta dekin a kan tsarin ƙasa na akitek, na daidaita kusurwoyi, na ɗaga su ga hasken rana. Bangayen waje suka hau kan juna daram. Ramin da injiniya ya bari a dekin domin matakala kuwa bai hau kan matakalar akitek ba. Ya goce da milimita 900. Na ɗauko tsarin ƙasa na cikin ƙunshi mai hatimi na ajiye kusa da wanda nake aiki da shi tun farko. Suna ɗaya, lamba ɗaya, kwanan wata ɗaya, amma gida biyu ne daban. A nawa kicin ya fi girma, an ƙara masa sito, matakala ta matsa. Babu wata alama a jikin takardar da ke cewa an taɓa ta.

Ga abin da wannan 900 ɗin ke nufi a ƙasa. Daga daɓen ƙasa zuwa saman dekin milimita 3,150 ne, taki 18, kowanne tsayinsa 175, faɗin wurin taka ƙafa 275. Akwai bim mai zurfin 450 da ke riƙe da bakin ramin matakala, wato ƙasansa yana kan 2,700 daga daɓe. A tsohon zane bim ɗin yana saman taki na 4, inda ƙafar mai hawa take kan 700, saura mita 2 cif tsakanin taki da kankare, kuma mita 2 shi ne mafi ƙarancin da ake nema. Da matakala ta matsa, bim ya tsaya inda yake, sai ya koma saman taki na 7. A nan ƙafa tana kan 1,225. Abin da ya rage 1,475, bai cika mita ɗaya da rabi ba. Duk baligin da zai hau benen nan sai ya durƙusa, wanda ya sauko da sauri cikin duhu kuwa goshinsa ne zai sha kankare. Ban da gado da katifa da durowa da za a hau da su.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Filoli biyu da aka tsayar don su riƙe hutun matakala, wurin da ake juyawa a tsakiya, su ma suna can a tsohon wuri. A sama kuma, bangon da ke gefen matakala ya matsa tare da ita, ya sauka daga kan bim ya koma kan tsurar dekin mai kaurin 150. Bangon bulo inci 9 mai filasta ciki da waje, in tsayinsa ya kai mita 3, kowace mita ɗaya ta tsawonsa tana da nauyin kusan tan ɗaya. Ba a yi wa dekin ɗin lissafin ɗaukar wannan ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin bim a kan matakala ko yaro zai gan shi, amma bango a kan dekin mara ƙarfi ba ya nuna kansa sai bayan shekaru, ranar da tsaga ta fito a silin ɗin falo.

Da safe na tara shugabannin aiki na ce a dakata. Babban birkilanmu dattijo ne, ya fara gini tun ban shiga firamare ba, Baba muke ce masa, kuma ban taɓa ganin bangonsa ya karkace ba. Ya duba, ya auna da idonsa, ya ce, "Yaro, wannan ai ba sai an tayar da hankalin Alhaji ba. A shafe bim ɗin nan cikin dekin daidai kan matakala, a ƙara masa rodi biyu, shi ke nan. Mun sha yi." Kafinta kuma ya ce a rage faɗin taki a miƙe matakalar, ta wuce kafin ta kai bim.

Ba na raina wannan shawara, domin na san daga inda ta fito. Mutanen nan sun shekara suna karɓar takardun da ba su haɗu ba, wanda ya zana ba ya zuwa, wayarsa ba ta shiga, su kuma in ba su yi aiki ba babu na cefane. Dole ta koya musu gyara a wurin aiki, har suka mayar da shi gwaninta. Sau da yawa ma yana ɓullewa. Sai dai ƙarfin bim a zurfinsa yake. In ka mayar da 450 zuwa 150, ka bar kashi ɗaya cikin uku na zurfin, amma taurin da ke hana shi lanƙwasa ya koma kusan kashi ɗaya cikin 27, kuma rodi biyu ba sa cike wannan giɓi. Ko an yi ma, sararin kai zai zama 1,775, har yanzu bai kai ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, a raunana gini kuma a ci gaba da sunkuyo. Matakala mai tsayuwa ƙiƙam kuwa, gidan nan mahaifiyar Alhaji za ta zauna a ciki, ga ƙananan yara. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wanda ya yi lissafin bim ɗin nan shi zai taɓa shi, ba ni ba, ba kai ba." Bai ji daɗi ba, amma ya ajiye cokalinsa.

Alhaji ya zo da la'asar. Na hau da shi kan bulo, na sa aka riƙe katako a tsayin 1,475 na ce ya wuce ta ƙasa. Ya gwada, ya yi shiru. Can ya ce, "To ita shawarar Baba fa? Ni kuɗin da zan ƙara kashewa nake ji." A nan na ba shi labarin da aka koya mana a makaranta, wanda duk ɗalibin gini yake ji. A ranar 17 ga Yulin 1981, a otel ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a Amurka, gadojin tafiya biyu da aka rataye a cikin zauren otel suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu, sama da 200 suka ji rauni. A zanen asali, dogon ƙarfe ɗaya ne zai sauko daga rufi ya ratsa gadar sama ya riƙe ta ƙasa. Masu ƙera ƙarfen suka ga haɗa shi haka zai yi wuya, sai aka raba shi biyu a zanensu na aiki, gadar ƙasa ta koma tana rataye a jikin ta sama. Canjin bai fi 'yan layuka ba a takarda, amma ya ninka nauyin da ke kan mahaɗin gadar sama, kuma ya wuce ba a sake lissafi ba. Injiniyoyin da ke da alhakin aikin sun rasa lasisinsu. Na ce masa gidansa ba otel ba ne, amma cutar iri ɗaya ce: zane biyu, kowa yana zaton ɗayan ya duba. Bai ƙara maganar shafe bim ba.

Haɗa akitek da injiniya a wuri ɗaya ya fi komai wuya. Kowa yana da wani aikin, kowa kuma ya fi son a gama ta waya. Da suka zo, a tsaye a cikin kangon falo gaskiya ta fito. Bayan an karɓo amincewar hukuma, uwargidan Alhaji ta ga zanen ta ce kicin ya yi mata kaɗan, ga shi babu sito. Magana ce mai kyau, ita za ta yi rayuwa a ciki. Alhaji ya gaya wa akitek, akitek ya ba wani yaron ofishinsa, yaron ya buɗe manhajar zane ta AutoCAD ya ja bango ya ja matakala, ya buga sabuwar takarda. A nan ne ya manta da kaurin bango biyu a lissafi, asalin 450 ɗin nan na ranar jan igiya. Bai canja kwanan wata ba, bai sa alamar gyara ba. Akitek ya ce ya ba da umarnin a tura wa injiniya. Injiniya ya buɗe wayarsa ya nuna babu abin da ya shigo. Murya ta fara ɗagawa, Alhaji ya ce, "Ku bar neman mai laifi, ku nemo mini mafita."

Abin da ya fi damuna a wannan zama shi ne dukansu ƙwararru ne masu rajista. Ƙasar nan ta daɗe da kafa hukumomin wannan aiki: ARCON ta masu zanen gini tun 1969, COREN ta injiniyoyi tun 1970, CORBON ta magina tun 1989, ga kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006. Kowannensu ya san aikinsa, lissafin injiniya daidai yake ga gidan da aka ba shi, zanen akitek ma kyakkyawa ne. Abin da babu shi ne mutum ɗaya da aka ɗora wa nauyin tabbatar da cewa takardun suna magana da juna. A ƙananan gine-gine irin namu, yawanci ana biyan mai zane kuɗin zane ne kawai, ba a biyansa na zuwa duba aiki, don haka daga ranar da ya miƙa takarda ya fita. A ganina wannan tsimi shi ne mafi tsada a harkar gini. Da akitek yana leƙowa ko sau ɗaya a wata, da maganar canjin kicin ta fito tun ana haƙa rami.

Mafita biyu aka ajiye. Ko a mayar da matakala tsohon wurinta, wanda ke nufin rushe bangayen kicin da sito da suka riga suka kai linta, Hajiya ta haƙura da abin da ta nema. Ko a bar tsarin ƙasa yadda yake, a matsar da bim, a ƙara wani a ƙarƙashin bangon sama, a tsayar da sababbin filoli biyu da gindinsu. Alhaji ya koma gefe ya kira gida. Da ya dawo ya ce sito ya zauna. Na nemi abu ɗaya: ba zan ɗaga guduma ba sai sabon zane ya zo a buge, da sa hannun injiniya da hatiminsa, da kwanan wata, da alamar cewa gyara ne, a kuma karɓe tsofaffin kwafi daga hannun kowa. Takardar da aka soke in ta kwana a wurin aiki, wata rana wani zai ɗauka ya yi aiki da ita.

Zaman jiran nan ne ba a lissafa shi in ana maganar asara, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Birkila da kafinta suna da jinga, za su iya lallaɓawa wani aikin su dawo. Lebura kuwa kuɗin yini yake ci. Yawancin namu 'yan cirani ne daga ƙauyuka, a cikin kangon suke kwana, suna tara abin da za su koma da shi gona, na taki da na iri. Kullum da sassafe sai su taso su tsaya, "Oga, yau akwai?" in ce babu. Na ƙirƙiro musu abin da zan iya, kwashe ɓaraguzai, haƙan sokawe, jiƙa bulo, amma bai isa kowa ba. Wasu suka tattara suka tafi ba su tara abin da suka zo nema ba. Yaron da ya ja layi a kwamfuta bai san su ba, ba zai taɓa saninsu ba, amma daga aljihunsu aka fara biyan kuskurensa.

Ruwan farko kuma ya sauka muna cikin jira. Simintin da aka sayo don dekin yana jibge a ɗaki mara rufi, an lulluɓe shi da tamfol a kan katako, duk da haka buhunan ƙasa suka sha danshi suka yi dutse. Katakon da kafinta ya riga ya buga wani ya kumbura ya karkace, sai da aka ɓamɓare.

Ni kuma na yi amfani da zaman na bi takardun gaba ɗaya, layi-layi. A nan na ga banɗakin sama da ke manne da matakala shi ma an juya shi lokacin gyaran. Bututun ba-haya zai sauko ne ta tsakiyar sabon sito, inda za a ajiye shinkafa da gero. Mazaunin kuma ya koma yana kallon gabas. Alƙiblar Kano gabas ce mai ɗan karkata arewa, don haka mai zama zai fuskance ta kusan kai tsaye. Na san malamai da yawa, har da na Malikiyya, sun sauƙaƙa a kan hakan in a cikin gini ne, amma na kuma san mutanenmu. Ba Alhaji ba, ba mahaifiyarsa ba, babu wanda zai natsu da shi. Da an zuba dekin kafin a gani, da sai an sa kurfi an huda kankare, a yanke rodi a hanya, a bar tsohon rami yana yoyo. Tun da ba a zuba ba, akitek ya juya mazaunin ya kalli kudu, ya fitar da bututun ta bangon waje, muka sa guntun bututu a cikin katako kafin zubi. Bai ci ko buhun siminti ɗaya ba.

Da sabon zane ya iso muka shiga fasa. Daɓen da aka zuba da kyau ba ya fasuwa da sauƙi, kuma akwai ciwo a ganin leburan da ya ɗauki kankaren nan a kansa shi ne yake dukansa da guduma. Muka buɗe wuri biyu, kowanne mita ɗaya da 'yan kai ta kowane gefe, muka haƙa har zurfin sauran fandisho, muka zuba siririn kankare na shimfiɗa, muka saukar da kwandon rodi mai milimita 12, muka tsayar da rodi huɗu masu milimita 16 da ringinsu. Sai da aka tsaga bangon bulo daga ƙasa har linta don filar ta shige. Ledar da ke hana danshi tasowa ta yage a wuraren nan, muka sa sabuwa muka haɗa bakinta da tsohuwa iya ƙoƙari, amma na gaya wa Alhaji gaskiya cewa abin da aka yi faci ba ya zama kamar wanda ba a taɓa ba. Injiniya ya zo da kansa ya ƙirga rodi kafin a rufe katako, kuma ya sake dawowa kafin zubin dekin.

Rodin da aka riga aka yanka wa tsofaffin bim ya zama gajere ga sababbi. Mai ɗaurin rodi ya so ya yi musu ƙari, injiniya ya hana, domin haɗin zai faɗo a tsakiyar bim ta ƙasa, daidai inda ƙarfe ya fi shan ja. Aka sayo sabo a farashin da ya ɗara na farko. Guntayen ba su tafi a banza duka ba, wasu sun shiga lintocin sama, wasu murfin sokawe, wasu filolin get.

Ranar zubi bayan sallar asuba aka kunna inji. Kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, leburori suna hawa suna sauka ba tsayawa, domin dekin ba ya son a yanke masa zubi. Matakala da bim da dekin duk rana ɗaya suka sha kankare. Daga nan sai ban-ruwa safe da yamma, wanda damina ta taya mu, aka bar tokara kwana 21 kafin a cire, kankaren kuma ba ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi sai ya kwana 28. Da aka ɓare katako na sa tef daga bakin taki zuwa ƙasan sabon bim, ya ba ni mita 2 da ɗan ɗoriya. Baba ne ya fara hawa, da hularsa a kai, bai sunkuya ba. Ya sauko ya ce, "Ta yi."

Maganar wa zai biya ba ta kai ga hukuma ba. Injiniya ya sake lissafi bai karɓi ko kwabo ba, duk da ba daga wurinsa abin ya taso ba. Akitek ya gyara takardunsa, ya ɗauki nauyin mayar da su hukuma don abin da ke cikin fayil ya dace da abin da ke ƙasa, ya kuma riƙa zuwa duba aiki har aka yi rufi. Siminti da rodi da katako da kuɗin fasawa da sake zubawa duk a kan Alhaji suka faɗa, kuma ya so ya tare kafin babbar sallah, bai samu ba. Da ya zo biyan kuɗin makon da aka koma aiki, ya ƙara wa leburorin da suka jure zaman wani abu daga aljihunsa. Waɗanda suka riga suka koma ƙauye babu yadda aka yi a same su.

An gama gidan, suna ciki. Tsofaffin filoli biyu suna nan a binne cikin bango ba sa ɗauke da komai. Ɗaya daga cikin sababbin ta ɗan turo kusurwa cikin sito, sai da kafinta ya yanke kanta ya zagaye ta. Kafin in miƙa makulli na sa aka buga cikakken zanen gidan yadda aka gina shi a zahiri, da wurin kowace fila da kowane bim da hanyar kowane bututu, kwafi biyu, ɗaya na akwatin Alhaji, ɗaya na duk wanda zai zo yin gyara nan gaba. Na kuma ja jan layi a kan bangon sama da ke gefen matakala, na rubuta cewa ba a matsar da shi, ba a kuma ɗora wani kusa da shi sai an tambayi injiniya, domin Alhaji ya riga ya fara maganar raba babban ɗakin sama gida biyu in yara sun girma.